Canon, Nikon ko Sony: wacce ce ke kama doki a guje?

Na Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Shekara huɗu kenan ina aiki da kyamarar Canon 700D, biki ne suna ne walimar sauka ce duk ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma sallar da ta wuce na sha kunyar da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani bawan Allah ne ya ɗauke ni in ɗauki yaransa da za su yi hawa nan Zariya, na yi sammako na kama wuri mai kyau wajen ƙofar fada, da aka zo jafi dawakai suka sako a guje na danna na riƙe ina ta jin kas kas kas, a raina na ce yau na gama da kowa. Da na koma gida na zuba a kwamfuta wlh cikin hoto kusan 300 na wajen sukuwar waɗanda suka fito tar ba su kai 10 ba, sauran ko dokin ya yi dishi-dishi ko kuma jama'ar da ke bayansa ne suka fito garau shi mahayin ya narke. Mutumin bai ce min komai ba ya dai biya ni, amma irin kallon da ya yi min ya ishe ni. Yanzu na tara 'yan kuɗi ina so in sayar da komai in koma Sony don kowa cewa yake ita ce uwa a harkar gudu. Shin da gaske ne, ko Nikon zan nema? Ina son in fara shiga ɗaukar ƙwallo da folo ma in Allah ya yarda.

Sarkin Sony: Wa alaikumus salam. Ai ba ka buƙatar dogon bayani ɗan uwa, ka riga ka ba kanka amsa. Sayar ka huta. Sony a9 ko ta hannu ce ka samu ka manta da kuka.

Oga Nikon KD: To an fara. Mutum ko gama numfashi bai yi ba har ka kai shi kasuwa.

Mai Gyara: Na Tudun Wada kafin a sayar maka da kaya, wane lens ka sa ranar, kuma nawa ka sa gudun shota (wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ta ɗauki hoto), sannan fokas ɗinka a kan me yake, One Shot ko AI Servo? Duba bayanan hoto ɗaya cikin waɗanda suka lalace ka faɗa mana.

Na Tudun Wada: Oga lens ɗin 75-300 ne wanda na saya tare da ita. Na duba, 1/250 ya nuna. Fokas kuma gaskiya tunda na saye ta a One Shot take ban taɓa taɓawa ba.

Mai Gyara: Innalillahi. To ai ba Canon ce ta cuce ka ba, kai ka ɗaure mata ƙafa ka ce ta yi tsere. One Shot ma'anarsa ta kama fokas sau ɗaya ta kulle, na amarya ce da ke zaune a kan kujera. Doki kuwa kafin ka gama danna maɓalli ya bar inda ta kulle ɗin ya matso taku biyu uku, shi ya sa ka ga 'yan kallon baya sun fito shi ya ɓace. AI Servo ake sawa, a Nikon da Sony sunansa AF-C, shi ne yake ta bin abu muddin yatsanka na kan maɓallin. Sannan 1/250 ko yaro ne ke gudu ba za ta tsayar da shi ba balle doki, daga 1/1000 ake farawa, ni in rana ta buɗe 1/2000 nake so don ƙurar da kofato ke tasowa ta tsaya cak a iska. Sai kuma shi wannan 75-300 ɗin, Allah ya ba ka haƙuri, injin fokas ɗinsa kamar amalanke yake.

Sarkin Sony: Duk wannan lissafin da kake yi masa ai shi ne dalilin da ya sa na ce Sony. Ka ɗora akwatin fokas a kan mutum ka ɗan danna ta manne masa kamar kaska, ya yi dama ta bi ya yi hagu ta bi. Tun 2017 da a9 ta fito aka gama wannan musun, hoto 20 a daƙiƙa ɗaya, ɗigon fokas 693 da suka kusa cike fuskar hoton gaba ɗaya, kuma kana ɗauka idonka bai taɓa yin duhu ba, ba wani madubi da ke tashi yana rufe maka gani. Shi 700D ɗinsa ɗigo 9 gare ta da hoto 5 a daƙiƙa. Kuma in kuna ganin son kai nake, a 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya mayar da duk masu ɗaukar hotonsa na duniya kan Sony. Su mahaukata ne?

Oga Nikon KD: AP ba da kuɗin ɗaukar biki suka saya ba malam. Mu yi maganar aljihun da ke gabanmu. Ni dai abin da na sani zan faɗa, shekara biyar ina riƙe da Nikon D500 da lens ɗin 200-500 f/5.6, da su nake ɗaukar folo a Kaduna da su nake shiga filin Ahmadu Bello, kuma har yau ban ga abin da kuɗinsa ya kai nata da zai yi aikin da take yi ba. Ta fito 2016 tare da D5, na'urar fokas ɗinsu ɗaya ce mai ɗigo 153, wato an ɗauko idon babbar yaya an sa wa ƙanwa. Hoto 10 a daƙiƙa, kuma in ka sa katin ajiya na XQD za ka riƙe maɓalli har hoto 200 na RAW, wato ɗanyen hoto mai nauyi, ba ta tsaya ta yi haki ba. Sannan tunda sensarta, wato farantin da ke karɓar hoton, ƙarama ce, 500 ɗin nan ya zama kamar 750, filin folo kuwa tsawonsa yadi 300 ne, ya kusa filin ƙwallo uku a jere, in ba ka da nisa sai dai ka ɗauko tururuwa a kan jakuna. Batir ɗaya kuma in wuni da shi, shi Sarkin Sony ya faɗa mana batir nawa yake cusawa a aljihu.

Sarkin Sony: Wannan tsohon labari ne na zamanin ƙaramin batir FW50. Tun daga a9 manyan Sony suka koma FZ100, biyu sun ishi mutum wasa guda har da ragowa.

Oga Nikon KD: Biyu. Ni na ce ɗaya.

Baba Mai Fim: Assalamu alaikum yarana. Ina ta karanta ku ina dariya ni kaɗai har jikata na tambaya ko lafiya. Wannan faɗan naku ya girmi wasunku. Lokacin da na fara, Nikon ce sarauniyar 'yan jarida, ni FM2 na riƙe, babu wani fokas da zai yi kansa, da hannu kake murzawa, fim kuma 36 ne in ya ƙare ya ƙare. To a 1987 Canon suka yi wata kasada, suka watsar da tsohon bakin lens ɗinsu na FD gaba ɗaya suka fito da EF, suka sa injin fokas a cikin shi lens ɗin kansa, mutanen da suka tara tsofaffin gilasai suka yi ta tsine musu, amma cikin 'yan shekaru sai ga gefen fili ya cika da fararen lens, ka kalli gasar cin kofin duniya a talabijin ka ga bayan raga fari fat kamar an shanya likkafani. Shi farin ma ba ado ba ne, don kada zafin rana ya dafa gilashin ne. Nikon suka sha wuya har sai 2007 da suka fito da D3 wadda ke gani cikin duhu, mutane da yawa suka sake komawa. Yanzu kuma Sony ta zo. Gobe wata ce.

Amma ga abin da nake so Na Tudun Wada ya ji. Da fim 36 nake zuwa hawan salla kuma in dawo da jafi, ba don na fi ku ido ba sai don na san inda doki zai tsaya. Mahayi ba a ko'ina yake jan linzami ba, akwai inda yake turjewa gaban sarki ya ɗaga hannu ya jinjina, to tun kafin su taso na riga na murza fokas ɗina a kan wannan wurin, wani lokaci wani ɗan dutse ko kashin doki nake sa wa ido a ƙasa ya zama alamata, in zauna in jira. Da ƙafafun gaba sun taka wurin sai in danna, sau ɗaya. Kai ka danna 300.

Na Tudun Wada: Baba Allah ya ƙara girma, wannan magana ta shige ni wlh. Kashin doki kuma 😂

Baba Mai Fim: Ka raina shi, shi ya ciyar da gidana.

Hajiyar Hoto: Sannunku da muhawara. Baba ina gaisuwa. Ni ta inda zan shigo daban ne don duk maganar rana kuke yi, ni kuwa yawancin aikina a cikin ɗakin wasa ne, ƙwallon kwando da na hannu na 'yan mata da wasannin makarantu, wani lokaci dambe in an kai magariba. A nan ba sunan kamfani ke ceton ka ba, faɗin bakin lens ne. Oga Nikon 200-500 ɗinka f/5.6 ne, shigo da shi cikin ɗaki ka ga yadda ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zai haura sama hoto ya cika da yashi. Tsakanin f/2.8 da f/5.6 haske ninki huɗu ne, wato inda kai kake ISO 12800 ni ina 3200 da gudun shota iri ɗaya. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nake cewa ka fara mallakar 70-200 f/2.8 na kowane kamfani ne, sannan mu yi maganar bodi, wato ita kyamarar kanta.

Kuma akwai wani abu da ba wanda ya ambata, wutar fitila. Wutarmu 50 ce a daƙiƙa, fitilun fili da yawa suna kyaftawa sau 100 a daƙiƙa ido ba ya gani amma kyamara na gani, sai ka ɗauki hoto biyar a jere ɗaya fari ɗaya kore ɗaya rabi duhu kamar aljanu sun shiga. Na yi wata guda ina zargin kyamarata ta lalace har na kai ta gyara aka karɓi kuɗina a banza. Canon 7D Mark II ce ta fara zuwa da abin da ke lura da kyaftawar nan ta jira hasken ya cika sannan ta ɗauka, D500 ma tana da shi. Ni yanzu Canon R6 nake riƙe da ita, kuma duk tsofaffin lens ɗina na EF na ɗora su da adafta suna aiki lafiya lau, wasu ma sun fi kama fokas a kanta fiye da kan tsohuwar. Don haka ƙanena tunda kana da filasha da batira da lens na Canon, ka yi lissafin asarar da za ka yi in ka sayar da su a farashin gwanjo kafin ka bi Sarkin Sony.

Sarkin Sony: Hajiya da girmanki kike kashe min kasuwa. To tunda an zo maganar fitila, a9 III fa? Ita ce ta farko a irin waɗannan kyamarori da sensarta ke ɗaukar hoton gaba ɗaya a lokaci guda ba layi-layi ba, babu lanƙwasa babu zane-zanen fitila a cikin hoto, kuma hoto 120 a daƙiƙa. Ɗari da ashirin fa. Canon da Nikon su kawo irinta mu gani.

Hajiyar Hoto: Dala 6,000 aka sa mata da ta fito, bodi kaɗai ba lens. Kai kana da ita?

Sarkin Sony: Ina da niyya.

Oga Nikon KD: 😂😂😂 Allah ya cika buri. Mu ma muna da niyyar Z9, ita ma ko shota ta ƙarfe ba ta da shi gaba ɗaya, RAW 20 a daƙiƙa a kan megafiksel 45, kuma tana yin 120 ɗin in ka yarda da ƙaramin JPEG. Amma tsakani da Allah hoto 120 a daƙiƙa wa zai zauna ya tace? Ka riƙe maɓalli daƙiƙa 10 ka tara 1,200, ga NEPA ta ɗauke ga kwamfutarka tana nishi ga mai aiki yana kiran waya yana so ya sa a Facebook kafin a tashi daga fili. Ni 10 ɗin nan ma wani lokaci sai in ji ta yi min yawa.

Bakatsine: Ku ban dama in sa baki kan maganar lanƙwasar nan don ni ta taɓa ci na. Canon R7 gare ni, na saye ta don nisa, megafiksel 32 a ƙaramar sensa, in na ɗora 100-400 ta zama kamar 640, ga fokas mai gane mutum da dabba, gaskiya tana kama kan doki abin mamaki. Ranar farko da na kai ta folo nan Katsina na ga an rubuta tana yin 30 a daƙiƙa da shota marar ƙara, na ce to yau ga ni ga su. Da na duba hotuna sai na ga sandar folo ta lanƙwashe kamar baka, ƙwallon ta zama ƙwai, turakun bayan fili duk sun kwanta gefe guda saboda ina bin doki da kyamara. Ashe sensar daga sama take karantowa zuwa ƙasa, kafin ta iso ƙasa sandar ta riga ta wuce. Na koma shota ta ƙarfe mai 15 a daƙiƙa shikenan magana ta mutu. Don haka kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ku, a9 da Z9 da R3 sensarsu mai saurin karatu ce shi ya sa suke da tsada, ba wai yawan hoton kaɗai ba.

Sarkin Sony: Ka ga ni ko. Ko Bakatsine ya yarda a9.

Bakatsine: Ban ce haka ba, kada ka sa min magana a baki. Kuma tunda ka matsa, faɗa masa gaskiya cewa in ya sayi a9 ya ɗora mata Sigma ko Tamron don sauƙin kuɗi Sony sun ƙayyade masa 15 a daƙiƙa, 20 ɗin sai da lens nasu.

Sarkin Sony: Mu aƙalla an bar mu mu ɗora Sigma da Tamron. Ku Canon ai kulle bakin lens na RF suka yi shekara da shekaru, sai 2024 suka ɗan buɗe wa ƙananan sensa. Wa ya fi wani rowa?

Hajiyar Hoto: Nan kam ka faɗi gaskiya, ba zan kare su ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, muna biye da ku daga nan. Ni kokowa nika ɗauka, ta gargajiya, kun san gasar takobi da a ka yi duk shekara, jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokowa 10, ana zagayawa da ita gari-gari. To ni abin da ni gani, kokowa ba kamar ƙwallo ba ce, mutum biyu na iya riƙe juna minti da yawa ba abin da ya faru, kai kana ta ɓarnar kati, sannan cikin ƙiftawar ido ɗaya ya kai ƙasa, kana sauke hannu don ka huta a lokacin a ka kada shi. Sau nawa ta faru gare ni. Wanda duk ya taɓa ɗaukar Issaka Issaka ya san abin da nika faɗi, ba ya ba ka sanarwa. Abin da ya ban sha'awa ga sababbin nan shi ne wanda ke fara ajiye hoto tun kana rabin dannawa, in ka ƙarasa dannawa ta ba ka har abin da ya wuce kafin yatsanka ya motsa. Olympus sun daɗe da shi, yanzu Nikon da Canon da Sony duk sun sa ma wasu nasu. Wannan kam in da hali ina so. Amma kafin nan ƙafafu nika kallo ba fuska ba, in ka ga ɗaya ya sa ƙafa tsakanin na ɗan uwansa ya sunkuyar da kafaɗa to danna, kuma kunnenka na ga makaɗa da 'yan kallo. Tsohuwar 7D ce gare ni ta farko ma ba Mark II ba, rairayi ya shige ta ko'ina, ƙugiyar batir da salatif na ɗaure ta, ba ta mutu ba.

Baba Mai Fim: Ɗan Maraɗi Allah ya yi maka albarka, kai ka fahimci karatun. Haka dambe yake, hannun da aka naɗe da zare shi kowa ke kallo, amma ɗan damben kirki da ƙafar baya yake faɗa maka zai kai duka.

Mai Gyara: Tunda an zo maganar rairayi bari in faɗi nawa, don duk abin da kuke yabo a teburina yake ƙarewa. Masu yin kyamarorin nan ba su san hunturunmu ba. Marar madubi in ka cire lens sensa ce tsirara take kallon ka, ka canja lens sau ɗaya a filin hawa ka dawo da ɗigo-ɗigo a sararin sama na kowane hoto. R7 da R6 suna sauke labule in ka kashe su, Z8 da Z9 ma suna da murfin kariya, amma duk da haka ni shawarata kada ka buɗe kyamara a fili ko wacce iri ce, ka shiga mota ko ka sa ta cikin riga. Sannan lens mai fitowa yana komawa in kana zum, irin 200-500 na Oga da 150-600 na Sigma da Tamron, famfo ne, yana zuƙar iska da ƙura yana turawa ciki. A nan kam Sony 200-600 ya yi dabara don a ciki yake zum tsawonsa ba ya canjawa, haka ma yawancin 70-200 na da.

Kuma Na Tudun Wada in za ka sayi ta hannu, 7D Mark II ko D500, dukkansu an ƙiyasta shotarsu a kan dannawa 200,000, ka sa a duba maka nawa ta yi kafin ka biya, kyamarar ɗan wasanni ba irin ta mai ɗaukar fasfo ba ce. Ka leƙa ramin katin CF na 7D da tocila ka ga ko allurai sun lanƙwashe. Ka tambayi kuɗin katin XQD da abin karanta shi kafin ka yi murnar D500 ta yi araha. Lens kuma ka haska shi ta baya, wanda ya daɗe a Legas ko Fatakwal sau da yawa za ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, danshi ne ya haifar da shi kuma yana cin gilashi. Wani yaro ya kawo min 70-200 da ya saya ta intanet wajen wani mai shago, an ce masa daga Landan ta zo ba a taɓa aiki da ita ba, na buɗe na tarar an taɓa kwance ta an ɗaure da sukurori iri uku. Ya kira lambar har yau a kashe.

Abu na ƙarshe, a garuruwanmu batir da caja da lens na aro na Canon sun fi sauƙin samu, in naka ya mutu ana tsakiyar aiki cikin masu hoto goma da ke wurin za ka samu mai batir LP-E6 a aljihu. Wannan ba a rubuta shi a kwali.

Oga Nikon KD: Mai Gyara ka yi son kai a nan, batir ɗin Nikon EN-EL15 ma ai ko'ina akwai.

Mai Gyara: Akwai, rabi jabu.

Sarkin Sony: Duk ku gama kwana-kwanarku, mutum ya ce yana son ya ci gaba kuna mayar da shi kan kyamarar 2014. Kamfanonin da kansu sun bar DSLR mai madubi sun koma marar madubi, ku kuna nan kuna rungume da gawa. Wasu dai tsoron sabon abu ne ke damunsu da kuma rashin kuɗi.

Oga Nikon KD: Kai wa kake cewa marar kuɗi? Kai da a6000 kake aiki kana mana wa'azin a9 III, ka taɓa riƙe ta ma kuwa? Turo hoto ɗaya na ƙwallo da ka ɗauka mu gani in ba tsoro ba.

Admin: Jama'a a yi hattara. Muhawara ake ba gori ba. Sarkin Sony ka janye maganar rashin kuɗi, Oga kai ma ka sassauta, akwai manya a gidan nan.

Sarkin Sony: Na janye, a yi haƙuri. Amma a6400 ce ba a6000 ba.

Hajiyar Hoto: 😂 Allah ya shirye ka. Na Tudun Wada ka ga dai yadda abin yake. Ni ga abin da zan ce ka yi kafin ka kashe ko sisi, ai ana kilisa a Zariya da yamma ko? Ka samu aron lens mai kyau ka je da wannan 700D ɗin taka, ka sa ta a Tv, inda kai ke zaɓar gudun shota, ka sa 1/1600, ISO ka bar shi ya zaɓi kansa, AI Servo, ɗigon tsakiya kaɗai, ka ɗora shi a ƙirjin doki ka fara binsa tun daga nesa kafin ka danna, kada ka jira sai ya iso. In ka dawo ka faɗa mana abin da ya rage maka, a nan za ka san ko bodi ce matsalarka ko lens.

Bakatsine: Ina Samaru wannan satin wajen wani aiki, akwai 70-200 f/4 a jakata ba na amfani da shi, ka same ni ta akwatin sirri in ba ka. Amana fa.

Na Tudun Wada: Kai amma na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan zo in sha Allah.

Na Tudun Wada: Salam jama'a na dawo da rahoto. Jiya Lahadi na je kilisa da lens ɗin Oga Bakatsine na yi yadda Hajiya ta ce. Wlh da na duba bayan kyamara sai da na ce wai wannan tawa ce kuwa. Na ɗauki 140 da wani abu, fiye da rabi sun fito tar, akwai wani da wani yaro ya taso a kan wani dokin fari ƙafafu huɗu duk a sama, har ƙurar ana ganin ƙwayoyinta, har gumin wuyan dokin. Na gwada dabarar Baba ma, na sa ido a kan wata ledar ruwa da ke ƙasa na jira, wannan ɗin ma ya fito. Inda na ga gazawarta shi ne in doki ya nufo ni kai tsaye ya matso kusa, nan fokas ɗin yake kasa cim masa, sannan in ina RAW ko daƙiƙa biyu ban yi ba sai ta tsaya tana tunani, a nan na rasa wani da ya turje da kyau. Da rana ta yi ƙasa kuma wajen shida da wani abu hoton ya fara yashi sosai. Don haka na fasa sayarwa, kuɗin da ke hannuna lens zan fara saya, in ya so in an ƙara tarawa in ga tsakanin 7D Mark II da R7.

Baba Mai Fim: Madalla. Ledar ruwa ta gaji kashin doki kenan.

Oga Nikon KD: Ba komai, duk da dai D500 ta fi 7D ɗin, wannan ko 'yan Canon sun sani a zuciyarsu.

Sarkin Sony: Inda doki ya nufo ka ɗin nan da ka rasa, a9 da ta kama shi. Ina nan ina jiranka shekara mai zuwa.

Ɗan Maraɗi: Turo muna na farin dokin mu gani.

Bakatsine: Na ga lens ya dawo lafiya na gode, amma murfin baya fa malam? Duba aljihun rigarka.